Dan Allah baro nawa na ƙasa zai cika min fangalin bulo guda biyu?

Maman 'Yan Biyu:

Assalamu alaikum 'yan uwa masu lambun gida, dan Allah taimako nake nema akan lissafi. Na sa magini ya ɗaura min fangali guda biyu na bulo a bayan kicin, irin wanda ake tayarwa sama a cika shi da ƙasa ɗin nan, saboda ƙasar gidan namu duk ɓaraguzan gini ce da marmara, ko ciyawa da ƙyar take fitowa. Kowanne tsawonsa ƙafa 10 faɗinsa ƙafa 4, bulo mai inci 6 ne aka jera layi biyu. Tumatir nake son sawa da attaruhu da ɗan latas da alayyahu, in da hali har karas tunda sanyi ya kusa shigowa bana so lokacin ya wuce ni.

To yanzu ga inda na tsaya. Mai tifa yace min sai tifa guda cur, wai ma da ƙyar ta isa, shi kuma yaron da yake mana aikin baro yace baro goma-goma ya wadatar, tsakanin maganar su biyun nan akwai nisa sosai. Ga lungun namu matsattse ne tifa bata shiga, a bakin titi za a juye sannan a dinga kwasowa, in ta yi yawa ban san inda zan kai ragowar ba kuma maƙwabta baza su ji daɗi ba a tare musu hanya, in kuma ta gaza sai an sake biyan kuɗin ɗauko. Maigida yace in tabbatar da adadin tukunna kafin ya bada kuɗi. Wanda ya san yadda ake lissafa abin nan dan Allah ya koya min yadda zan gane, ba wai a faɗa min amsar kawai ba, dan ina da niyyar ƙara wasu nan gaba. Nagode.

Ɗan Birni:

Wslm Hajiya. Abin ba wuya, tsawo sau faɗi sau zurfi ne. 10 sau 4 arba'in kenan, bulo biyu kuma ƙafa ɗaya da rabi ne tunda kowanne tsayinsa inci 9, to 40 sau 1.5 ya bada ƙafa kubik 60, guda biyu 120. Da yawa fa, baro goma bazai je ko ina ba. Ni a shawarata ki sayi tifar kawai ki huta, ƙasa ai bata lalacewa, abinda ya rage ki tara a gefe zaki buƙace shi wataran.

Malamin Lissafi:

Wa alaikumus salam Hajiya. Hanyar da ɗan uwa ya kawo a sama daidai ce, tsawo sau faɗi sau zurfi, amma kafin a buga komai akwai tambayar da ya kamata a fara yi, ƙafa 10 da ƙafa 4 ɗin nan daga waje aka auna ko daga ciki? Domin magina kusan kullum awon waje suke faɗa, shi ne wanda suka ja igiya a kansa, ke kuma ba waje zaki zuba ƙasa ba. Bulo mai inci 6 yana cin rabin ƙafa ta kowane gefe, hagu da dama ƙafa ɗaya ta tafi, gaba da baya ma ƙafa ɗaya ta tafi. Kenan in awon waje ne, cikin fangalinki ƙafa 9 ne da ƙafa 3.

Sai zurfi. Bulo biyu da simintin da ke tsakaninsu zai kai santimita 47 ko 48, amma ba a cika fangali har baki, in kika cika shi taf duk sanda kika yi ban ruwa ruwan zai gangaro ta gefe ya tafi da taki, kuma babu wurin da zaki shimfiɗa busasshiyar ciyawa a sama. Ki bar kamar yatsu huɗu daga baki, ki ɗauka zurfin ƙasar santimita 40 ne.

Ni na fi son a yi da santimita saboda amsar tana fitowa kai tsaye a lita, ita kuma lita kowa ya santa daga jarka da bokiti. Tef ɗin awo na magina yana da inci a gefe ɗaya santimita a ɗaya gefen, ki karanta gefen santimita. Ƙafa 9 santimita 274 ne, ƙafa 3 kuma 91. Ki buɗe kalkuleta a wayarki ki buga 274 sau 91 sau 40, zai baki 997,360, sai ki raba da 1,000, ya zama lita 997, a ce 1,000 kawai. Lita 1,000 ɗin nan ita ce mita kubik ɗaya da kike ji masu gini suna faɗa. Duk fangalin da zaki gina nan gaba haka zaki yi masa, awon ciki uku a santimita, ki ninka su, ki raba da dubu.

Kinga bambancin yanzu, 60 ɗin da aka samu da awon waje idan aka mayar da shi lita, tunda kowace ƙafa kubik ɗaya lita 28 ce da ɗan ɗoriya, zai kai kusan lita 1,700. Lita 700 kenan a fangali ɗaya da babu inda zasu shiga, a biyu 1,400, duk kuɗi ne da wahalar ɗauko.

Abu na ƙarshe, ƙasar da aka tona aka zuba a sake take, cike da iska, da ta sha ruwa sau biyu uku zata zauna ta ragu. Dan haka ana ƙara kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari a kan lissafin. In muka ɗauki 15, kowane fangali lita 1,150 ne, biyun 2,300. Amma dan Allah ki fita da tef ki auna cikin da kanki tukunna, kuma ki faɗa mana ƙasan fangalin siminti ne ko ƙasa ce tsirara, wannan ma yana canza magana.

Maman 'Yan Biyu:

Kai Malam Allah ya saka da alheri, ya ƙara ilimi. Na fita na auna yanzun nan, wlh yadda ka faɗa haka yake, ciki 274 ne da 91, ɗayan ma 90 ya bani. Maganar ƙasansu kuma, ɗaya yana kan tsohon daɓen siminti ne inda muke wanki da, ɗayan kuma kan ƙasa yake amma irin mai ɓaraguzan nan da na faɗa. To yanzu lita 2,300 ɗin nan yaya zan faɗa ma mai baro ita, shi bai san wata lita ba baro kawai ya sani. Kuma duka ƙasa zalla zan zuba ko da taki a ciki ake lissafin?

Tsohon Magini:

Salamu alaikum. 'Yata bari in sa baki a nan tunda baro da kwanon leburori su ne aikinmu tun ƙuruciya. Baro irin na wurin gini idan aka cika shi aka shafe bakinsa daidai yana ɗaukar wajen lita 65, mu a wurin aiki muna lissafa shi kwano huɗu, ko buhun siminti biyu. To lita 1,150 a raba da 65 zai baki baro 18 saura kaɗan, ki ce 18, fangali biyu 36. Kinga goma-goman da yaron ya faɗa rabi da ɗan wani abu kawai zai kai miki.

Amma fa baro suna suka tara. Akwai mai zurfi akwai mai faɗi, akwai wanda ya lotse ya buɗe baki, kuma mai turawa in da yawan sahu ake biyansa bazai cika ba, in kuma jimla kuka yi zai yi masa tozo har yana zuba a hanya. Abinda zaki yi mai sauƙi ne, ki samu bokitin fenti babba na lita 20, ki sa ya cika baron yadda zai dinga kawowa, sai a kwashe da bokitin a ƙirga a gabanki. In ya bada bokiti uku da kwata to baron lita 65 ne, in huɗu ya bada to 80 ne sai sahun ya ragu ya koma 14 ko 15 a kowane fangali. Da bokitin ma kaɗai zaki iya lissafi, fangali ɗaya bokiti 50 ne, da ƙarin da Malam ya faɗa ya zama 57 ko 58.

Maganar tifa kuma, ko ƙaramar tifa tana ɗaukar wajen mita kubik 3 ko sama da haka, ke duka-duka 2.3 kike nema kuma ba duka ne ƙasa ba, akwai taki a ciki. Sannan ki kula da kyau, mu masu gini in muka ce a kawo ƙasa jar ƙasa ake kawo mana ta ciko, wadda in ta sha ruwa ta bushe take ƙanƙamewa kamar daɓe, ita muke so a ƙarƙashin gini amma shuka bata yi a cikinta. In baki ce baƙar ƙasar sama ta noma ba kuma baki ga samfuri da idonki ba, ita za a juye miki.

Na kan simintin nan, ki sa a fasa ƙofofi a layin bulo na ƙasa, daidai da daɓen, kamar uku ta kowane dogon gefe, yadda ruwa zai samu hanyar fita. In da hali ma a huda daɓen kansa a wurare da yawa. Kuma ina fata ba a jingina shi da bangon ɗaki ba, in an jingina a sa leda mai kauri tsakanin ƙasar da bangon, in ba haka ba damshi zai ci filasta ya ɓullo ta ciki.

Mai Lambun Fadama:

Hajiya sannu da ƙoƙari, Allah ya sa albarka. Malam da Baba sun gama da lissafi, ni abinda za a zuba ɗin ne ya dame ni, dan adadi zai iya yin daidai shuka kuma ta ƙi.

A baro 18 ɗin nan na kowane fangali ni zan ce 10 baƙar ƙasar sama, 5 ruɓaɓɓen taki, 3 kuma ɓuntun shinkafa, in an samu wanda aka babbake ya yi baƙi bai zama toka ba ya fi, yana sa ƙasa ta yi sakwa-sakwa saiwa ta samu iska. Kenan ƙasar da zaki saya a fangali biyu baro 20 ce kawai, lita 1,300, ko rabin ƙaramar tifa bata kai ba. Yashi kuma kar ki zuba shi dan kin ji ana cewa a zuba, ki fara duba ƙasar da aka kawo. Ki jiƙa ta kaɗan ki dunƙula a hannu, in ta dunƙulu kika taɓa da yatsa ta wargaje to ita ake nema, in ta ƙi dunƙuluwa sam jigawa ce bata buƙatar yashi ko ƙwaya ɗaya taki take so, in kuma ta manne a hannu har kina iya murza ta ta yi tsawo to laka ce, ita ce zaki sassauta da ɓuntu da yashi mai tsakuwa-tsakuwa.

Taki kuma dan girman Allah ruɓaɓɓe. Kashin shanu ko na awaki da tumaki wanda ya kwana biyu a tare ya yi baƙi, in kika tura hannu cikin tsibin baki ji zafi ba kuma baya wari, to ya nuna. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwar dashe cikin kwana kaɗan, ga shi yawanci a gauraye yake da garin katako, shi kuma garin katako in bai ruɓe ba yana janye abincin shuka sai kiga ganye yana yin ɗorawa alhali kin zuba taki. Takin bola manoman kewayen Kano sun daɗe suna amfani da shi kuma yana yi, amma na yanzu cike yake da leda da kwalba da tsofaffin batir, abinda zaki ci ɗanye kamar latas ni bazan sa masa shi ba. Haka ƙasar da aka ɗebo daga gefen kwata ko inda ruwan masana'antu yake bi, ko kyauta aka baki ki bar ta. Ki kuma tambaya ko an daɗe ana tumatir a inda aka ɗebo ƙasar, akwai wata ƙaramar tsutsa da ido baya gani mai sa saiwa ta yi ƙulli-ƙulli shuka ta tsumbure, da ƙasa take yawo.

In kuɗi ya yi kaɗan ga dabara, santimita 15 na can ƙasa ki zuba ƙasar noma kawai ba haɗi, 25 na sama shi ne zaki yi wa haɗin mai kyau tunda nan mafi yawan saiwa take. Latas da alayyahu santimita 20 ya ishe su, karas yana son 30 mai laushi ba dutse in ba haka ba zai yi rassa, tumatir da attaruhu su ne masu son zurfi, dan haka su ki sa su a fangalin da ke kan ƙasa, bayan an sa diga an farfasa ƙasan kamar taƙi ɗaya an tsince ɓaraguzan, saiwarsu ta samu ta wuce. Na kan siminti ki bar wa ganye. Wasu zasu ce ki cika ƙasan da kara ko itace dan a rage ƙasa, a ƙasarmu wannan gayyatar gara ce, kuma in ya ruɓe fangalin zai faɗa.

Sai ki sani mu a lambu da rani komi muke yi, wato ƙasa muke yi da shi dan ya riƙe ruwa, fangalin da aka tayar sama ya fi saurin bushewa musamman in iskar hunturu ta taso, bulon ma yana shan ruwa. Filin naki in aka ninka tsawo da faɗi murabba'in mita biyu da rabi ne kowanne, in zafi ya shigo zai iya shan kusan bokitin fenti guda kullum. Ki rufe saman da busasshiyar ciyawa. In kin gama cikawa ki ba shi ruwa sosai ki bar shi sati ɗaya zuwa biyu ya zauna, ki cike inda ya faɗa da ragowar, sannan ki yi dashe da yamma.

Amaryar Sama:

Slm, afuwan Anti na shigo miki cikin zance amma nima abin ya shafe ni. Mu a sama muke haya babu tsakar gida, amma akwai fili akan dekin inda muke shanya, tun ɗazu nake karantawa naji ina so in gina irin naki ko guda ɗaya ne. Lissafin ɗaya ne ko? Kuma ina da tsohon duro da babbar roba mai zagaye, su yaya ake lissafa nasu tunda basu da tsawo da faɗi?

Injiniya:

Malama dan Allah kar ki gina irin wannan akan dekin. Lissafin lita ɗaya ne amma akwai lissafi na biyu da na ƙasa basa buƙata, shi ne nauyi. Mita kubik ɗaya na jiƙaƙƙiyar ƙasa yana kai tan ɗaya da rabi, wani lokacin ya fi, a fangali irin na Hajiya duk wannan nauyin yana zaune ne akan fili murabba'in mita biyu da rabi, kenan kowane murabba'in mita yana ɗauke da wajen kilo 600, ba a ma sa nauyin bulon ba. Shi kuwa dekin gidan zama yawanci ana tsara shi ne ya ɗauki kilo 150 zuwa 200 a kowane murabba'in mita na mutane da kaya, in ma an yi shi bisa ƙa'ida kenan, kuma ke baki san rodin da aka sa a ciki ba. Ga ruwan da zai dinga tsatsafowa kullum yana bin tsaga har ya kai ga rodi ya yi tsatsa, na ƙasa ya fara ganin silin ɗinsa yana jiƙewa.

Ki yi da robobi da buhuna, ki jera su ta gefen bango ko saman bim, wato kankaren da ya tallafi dekin ta ƙasa, a rarrabe, kar ki tara su a tsakiya, ki ɗora kowanne akan abinda zai ɗaga shi ruwa ya wuce ta ƙasa, ki yawaita ɓuntu a haɗin dan ya yi sauƙi, kuma ki sanar da mai gidan.

Duro na lita 200 ne, in aka raba shi biyu kowane rabi lita 100, bokitin fenti biyar, in kin bar baki huɗu da rabi. Ita roba mai zagaye ki auna faɗin bakinta ta ciki ki raba biyu, ki ninka wannan rabin da kansa, ki ninka da 3.14, ki ninka da zurfi, ki raba da 1,000. Misali baki santimita 60, rabinsa 30, 30 sau 30 ɗari tara, sau 3.14, sau zurfi 25, zai baki lita 70 da ɗan kai. In gindinta ya fi bakin tsukewa ki auna faɗin a tsakiyar tsayinta. Ko wannan ɗin in ta jiƙe ta kusa kilo 100, dan haka a inda zata zauna zaki cika ta. Mafi sauƙi ma kafin ki huda gindin ki cika ta da ruwa da jarka mai lita 25 ki ƙirga.

Maman 'Yan Biyu:

Ba komai ƙanwata ai duk koyo muke. Nagode muku gaba ɗaya Allah ya bar zumunci. Mun gwada baron yaron da bokitin fenti kamar yadda Baba yace, uku da ɗan kaɗan ya bada, dan haka mun tsaya akan baro 20 na baƙar ƙasa, 10 na taki, ɓuntu kuma zan aika injin casar shinkafa a ɗebo min a buhu. Na ce ya fara kawo baro ɗaya in dunƙula in gani kafin ya ci gaba. Baba magini, ƙofofin ruwan nan ba zasu dinga zubar da ƙasar waje ba? Wata maƙwabciyata tace in shimfiɗa tsakuwa a ƙasan gaba ɗaya.

Tsohon Magini:

Ba sai kin shimfiɗa a ko ina ba 'yata, zai cinye miki zurfi ne kawai kuma in babu ƙofa ruwan nan zai kwanta a cikin tsakuwar. Ki yanko tsohon ragar sauro ko ɓarin buhu ki rufe kowace ƙofa ta ciki, ki danne da tsakuwa cikin hannu biyu, sannan a zuba ƙasa a kai. Buhun ɓuntu kuma shi ma ki auna guda ɗaya da bokitin, baro shida kike nema, bokiti 20 kenan.